Yadda Ake Zaɓar Macijin Boa na Kiwo: Jariri ko Babba

Macijin boa ɗan asalin nahiyar Amurka ne, ana samunsa tun daga Meziko har zuwa arewacin Ajantina. Ba shi da dafi. Yakan cafke abincinsa da haƙora, sannan ya nannaɗe shi ya matse. Inda ya sha bamban da mesa shi ne wajen haihuwa, domin mesa ƙwai take yi, ita kuwa macen boa 'ya'ya take haifa da ransu, sau da yawa ashirin zuwa talatin a ciki ɗaya. Jaririn bai cika wuce santimita 40 zuwa 50 ba ranar da aka haife shi, amma cikin shekara uku zuwa huɗu yakan doshi mita biyu, kuma idan ya samu kulawa yana iya kai shekara 20 zuwa 30 a duniya. Saboda haka ko jariri ka ɗauka ko babba, ƙarshenta dai babban maciji za ka riƙe, kuma na tsawon lokaci. Abin da wannan bayani zai taimaka maka da shi shi ne sanin wanne daga cikin biyun ya dace da wurinka, da ƙwarewarka, da kuma abin da za ka iya tabbatarwa game da dabbar kafin ta zama taka.

Kayan da za ka tanada

Ka haɗa kayan nan tun kafin ka je ganin maciji, domin wanda ya je bai shirya ba yakan dawo da dabbar da ba shi da inda zai ajiye ta. Ana bukatar akwatin kiwo mai murfi ko ƙofa da ke kullewa sosai, da abin ɗumama shi, ko fitilar zafi ko shimfiɗar zafi, tare da na'urar daidaita zafi wadda ke yanke wuta idan ɗumin ya kai iyakar da aka sa mata. Sai ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya a kowane ɓangare na akwatin, da ma'aunin laima, da maɓoya biyu da macijin zai shige ciki jikinsa ya taɓa bango, da kwanon ruwa mai nauyi wanda ba zai kife ba. Ka ƙara da ƙugiyar ɗaukar maciji, da dogon hantsaki na miƙa abinci, da sikeli, da farar takarda ta shimfiɗawa, da jakar yadi mai igiya ta ɗauko shi, da littafin rubuta bayanai, da wuri a firiza na ajiye daskararrun ɓeraye.

Idan ba ka samu akwatin da aka ƙera don wannan aiki ba, babbar roba mai murfi da aka huda mata ƙananan kafofin iska tana wadatar da jariri na watannin farko, kuma kwali ko tukunyar shuka da aka kife aka yi wa ƙofa sukan zama maɓoya. Na'urar daidaita zafi ce kaɗai ba ta da madadi. Abin ɗumama da ba a haɗa shi da ita ba yana iya ƙona cikin maciji, kuma maciji kan ci gaba da kwanciya a kan abin da ke ƙona shi har fatarsa ta saluɓe.

Mataki na 1: Tabbatar da doka da yardar mutanen gida

Dokar riƙe manyan macizai ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga gari zuwa gari, saboda haka ka bincika ta wurin da kake zaune. Cinikin boa tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ke tsara cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashen duniya: yawancinsu suna rukuni na biyu, inda ake bukatar takardar izini, boa na Ajantina kuwa yana rukuni na farko, wanda dokarsa ta fi tsanani. Ka kuma nemi yardar duk wanda kuke zaune tare, sannan ka gano likitan dabbobi da ya san dabbobi masu jan ciki, tun kafin bukatarsa ta taso.

Mataki na 2: Fara sanin iri da jinsi kafin maganar shekaru

Masu farawa da yawa sukan tsaya a kan tambayar jariri ko babba, su manta cewa iri da jinsi su ne ke yanke girman da dabbar za ta kai. Wanda aka fi samu a hannun masu kiwo shi ne Boa imperator, ɗan Amurka ta Tsakiya da Kolombiya, wanda yawanci ke tsayawa tsakanin mita ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Akwai kuma Boa constrictor na asali mai jar wutsiya, na ƙasashe irin su Suriname da Guyana da Peru da Brazil, wanda ke iya kai mita uku, kuma cikinsa ya fi saurin ɓaci idan aka yi masa gaggawar abinci. A ɗaya gefen akwai ƙananan nau'o'i na tsibirai, kamar na tsibirin Hog da ke gaɓar Honduras da na Crawl Cay a Beliz, waɗanda ba su cika kai mita biyu ba.

Mace ta fi namiji tsawo da kauri, kuma babbar mace tana iya wuce kilo 10. Wanda wurinsa ke da ƙaranci ya fi dacewa ya nemi namiji, ko kuma ɗaya daga cikin ƙananan nau'o'in. A jikin babba ana iya samun alamar jinsi daga ƙananan ƙayoyi biyu da ke gefen dubura, domin na namiji sun fi fitowa, amma tabbatarwa aikin ƙwararre ne, kuma kada mai koyo ya gwada tura wani ƙarfe a jikin maciji da sunan binciken jinsi. Ka lura cewa a wannan fanni babba ya fi jariri sauƙin sha'ani: girmansa yana gaban idonka, shi kuwa jariri sai dai ka dogara da maganar mai sayarwa da kuma girman iyayensa.

Mataki na 3: Auna abin da jariri zai ba ka da abin da zai nema a wurinka

Babban alfanun jariri shi ne kuna girma tare, shi a jiki, kai a ƙwarewa. Lokacin da zai kai mita biyu ka riga ka san yadda yake motsi idan yana jin yunwa, da yadda yake janye wuya idan ba ya son a taɓa shi, da yadda idanunsa ke yin shuɗi-shuɗi kwanaki kafin ya yi saɓa. Tarihinsa kuma duk yana hannunka: ka san abin da ya ci da lokacin da ya ci, ba wanda ya cusa masa abinci fiye da kima, ba a kuma haɗa shi da wasu macizai da ba a san lafiyarsu ba. Kuɗin farawa ma ya fi sauƙi, tunda ƙaramin akwati mai tsawon santimita 60 zuwa 90 ya ishe shi, abincinsa kuma ƙananan ɓeraye ne.

Sai dai jariri yana da tsoro, domin a daji kusan kowane abu mai motsi yana iya cinye shi. Da yawa daga cikinsu sukan yi huci mai ƙarfi, su buɗe baki, su kai cizo idan hannu ya sauko musu daga sama. Cizon jariri bai wuce 'yan ƙananan ɗigon jini a bayan hannu ba, ana wankewa da sabulu a ci gaba da aiki, kuma yawancinsu sukan natsu bayan wasu watanni na ɗauka cikin nutsuwa. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma akwai gaskiya a nan, amma kada a kai maganar inda ba ta kai ba: maciji ba ya shaƙuwa da mai shi irin ta kare, abin da yake koya shi ne cewa wannan hannu ba ya cutar da shi, kuma akwai ɗaiɗaiku da ke girma da zafin ransu duk yadda aka lallaɓa su.

Jikin jariri ba ya jure kuskure. Sanyi na 'yan kwanaki yana iya jawo masa ciwon numfashi, ƙarancin laima yana sa saɓa ta maƙale masa a ƙarshen wutsiya har ta datse jini, abinci mai girma ko mai yawa kuma yana sa shi amai, amai biyu ko uku a jere kuwa yana iya kashe shi. Yana kuma iya sulalewa ta kafar da ba ka zaci kansa zai shiga ba. Kuskuren da na fi gani a wurin masu jariri shi ne ɗura masa abinci don ya yi saurin girma. Irin wannan maciji yakan yi tsawo da ƙiba da wuri, kansa ya zama ƙarami a kan jikinsa, kitse ya taru masa, kwanansa kuma ya ragu. Ɓera ɗaya wanda kaurinsa bai wuce wuri mafi kauri a jikin macijin ba, sau ɗaya cikin kwana 7 zuwa 10, ya wadatar, kuma ana ƙara tazarar yayin da yake girma. A ƙarshe ka sa a lissafi cewa za ka sauya akwati aƙalla sau ɗaya ko biyu kafin ya gama girma, don haka arahar farko ba ta ɗorewa.

Mataki na 4: Auna babba da irin wannan ma'auni

Babban boa ya riga ya nuna kansa. Tsawonsa, launinsa, halinsa da yadda yake karɓar abinci duk abubuwa ne da za ka iya gani a rana ɗaya, kuma jikinsa ya fi jure ƙananan kura-kurai. Hidimarsa ta yau da kullum ma ba ta da yawa, domin babban ɓera ɗaya cikin mako uku zuwa huɗu ya ishe shi, saɓarsa kuma 'yan lokuta ne a shekara. Akwai kuma lada a ɗaukar babba, saboda da yawa daga cikinsu waɗanda suka saye su suna jarirai ne suka gaza da su bayan sun girma.

Nauyin da ke tattare da shi shi ne komai yana zuwa a rana ɗaya. Tun ranar farko kana bukatar akwatin da tsawonsa ya kai tsawon macijin ko ya yi kusa da haka, misali santimita 180 zuwa 240, mai faɗin 60 zuwa 90, kuma ɗumama irin wannan fili ya fi wuya da cin wuta. Ƙarfinsa ma ba abin rainawa ba ne. Cizon babba yana tsaga fata, saboda haƙoransa sun lanƙwashe zuwa baya, idan kuma ya ɗauki hannunka a matsayin abinci zai riƙe ya nannaɗe. Ƙa'idar da masu kiwo ke bi ita ce, macijin da ya wuce mita biyu ba a fito da shi sai da wani babban mutum a kusa, kuma ba a taɓa rataya shi a wuya, komai sanyin halinsa.

Abin da ya fi damuna game da babba shi ne tarihin da ba a sani ba. Akwai wata cuta da ake kira IBD, wadda bincike ya danganta da wani bairos na dangin arena a 2012, kuma har yanzu ba ta da magani. Boa yana iya ɗauke da ita watanni ko shekaru ba tare da wata alama ba, alhali idan ta kama mesa takan kashe ta cikin ɗan lokaci. Macijin da ya bi ta hannaye da yawa, ko ya zauna a wurin da ake cakuɗa dabbobi, ya fi fuskantar haɗarinta. Haka nan babba yana iya zuwa da ƙiba ta shekaru, ko tabon ƙuna, ko tabon cizon ɓera, ko sabo da cin mai rai kawai, ko kuma al'adar kai hari da zarar an buɗe ƙofa, idan mai shi na baya ba ya buɗe ta sai ranar abinci. Ana iya gyara yawancin waɗannan, amma gyaran hali a jikin maciji mai kilo 8 aiki ne na wanda ya riga ya saba.

Mataki na 5: Yanke shawara

Ra'ayina ga wanda bai taɓa riƙe babban maciji ba shi ne ya nemi abin da ke tsakani, wato ɗan wata shida zuwa shekara ɗaya, haihuwar gida, daga hannun wanda ya haifar da shi. A wannan shekaru ya wuce lokacin da ya fi rauni, ya saba da cin daskararren ɓera, halinsa ya fara bayyana, kuma har yanzu bai fi ƙarfin hannu ɗaya ba. Idan ba a samu irin wannan ba, jaririn da ya yi saɓar farko ya kuma ci abinci aƙalla sau biyar a jere ba tare da amai ba ya isa a ɗauka.

Babba ya dace da kai idan sharuɗɗa uku sun cika tare: ka taɓa riƙe manyan macizai a wurin wani har ka san nauyinsu a hannu, babban akwatinka ya riga ya kammala yana aiki, sannan mai shi yana iya ba ka labarinsa dalla-dalla. Idan ɗaya ya faɗi, ka jinkirta. Wanda aka kamo daga daji kuwa, babba ko ƙarami, ka bar shi, domin yakan zo da tsutsar ciki da kaska da firgici, kuma babu dalilin ɗebo na daji alhali ana haifar su a gida da yawa.

Mataki na 6: Tambayi mai sayarwa

Ka tambayi ranar haihuwa ko kimanin shekaru, da iri, da jinsi, da abin da yake ci, mai rai ko daskararre, da ranar da ya ci na ƙarshe, da ranar saɓarsa ta ƙarshe da ko ta fita gaba ɗaya, da ko ya taɓa amai. Ga jariri ka nemi ganin iyayensa ko hotonsu. Ga babba ka tambayi hannu nawa ya bi, da ko ya zauna da wasu macizai, da dalilin da ya sa ake rabuwa da shi. Mai kiwon kirki yana da rubutaccen bayani kuma tambaya ba ta ɓata masa rai, hasali ma shi zai juyo ya tambaye ka yadda ka shirya akwatinka. Idan ya yarda, ka nemi a ba macijin abinci a gabanka, sannan ka dawo ɗaukarsa bayan kwana biyar zuwa bakwai, lokacin da ya gama narkar da shi.

Mataki na 7: Duba lafiyarsa da idonka da hannunka

Ka fara kallonsa a cikin akwatinsa kafin a taɓa shi. Macijin da ya ɗaga kai sama ya ƙafe na dogon lokaci, ko kansa na rawa, ko yana murɗewa ba bisa tsari ba, ko aka juya shi rigingine ya kasa komawa daidai, alamun cutar jijiya ke gare shi, kuma a nan ka haƙura da shi da duk sauran macizan da ke wurin.

Daga nan ka wanke hannu ka ɗauke shi, kana tallafe da tsakiyar jikinsa. Lafiyayyen boa yana kama hannu da ƙarfi. Za ka ji wutsiyarsa ta zagaye wuyan hannunka ta ɗaure, tsokarsa tana motsi a ƙarƙashin fata, harshensa yana fita yana komawa akai-akai. Wanda ya saki jiki laɓe-laɓe ba sanyin hali ba ne, rashin lafiya ne ko sanyi. Ka dubi siffar jikinsa: ya kamata ta yi kusa da murabba'i, gefe da gefe a miƙe. Idan ƙashin baya ya fito ya yi tsini, ya rame. Idan jikin ya zama dunƙulalle, fata tana bayyana tsakanin ɓawon jikinsa, ƙiba ta yi yawa. Ka kai kunnenka kusa da kansa ka saurari numfashi, domin shaƙe-shaƙe ko ƙara mai kama da fito, ko kumfa a baki da hanci, alamun ciwon huhu ne. Bakinsa ya rufu daidai ba kumburi, cikinsa ya kasance ba ja ba ƙuraje, duburarsa kuma a tsaftace.

Sai binciken ƙumar maciji, wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe masu shan jini waɗanda ake kuma zargi da yaɗa cuta. Ka duba gefen idanu da tsagar da ke ƙarƙashin haɓa, ka leƙa ƙasan kwanon ruwansa ko akwai baƙaƙen ɗigo da suka nutse, sannan ka bar shi ya ratsa ta cikin farin ƙyalle mai ɗan danshi ka buɗe ka duba. Idan ɗigon da ka gani yana tafiya, ko ka murje shi ya bar jan tabo, ƙuma ce. Ana maganinta, amma tana nuna maka yadda ake riƙon dabbobi a wurin.

Game da hali, kada ka yanke hukunci a kan jariri saboda ya yi huci, kuma kada ka yarda da natsuwar babba idan jikinsa da sanyi, domin maciji mai jin sanyi ba ya nuna ainihin halinsa. Ka nemi ka ga yadda mai shi yake fito da shi daga akwati, saboda a wannan lokacin ne yawancin cizo ke faruwa.

Mataki na 8: Kawo shi gida da killace shi

Ka kunna akwatin ya yi aiki na wasu kwanaki kafin zuwansa, har ka ga ɓangaren ɗumi ya tsaya a digiri 30 zuwa 32 na ma'aunin Salsiyas, ɓangaren sanyi a 24 zuwa 27, laima kuma a kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Ka ɗauko shi a jakar yadi da aka ɗaure aka sa a kwali, nesa da rana da iskar sanyi. A shimfiɗa masa farar takarda a watannin farko, don ƙuma da yanayin kashinsa su riƙa bayyana. Daga baya ana iya komawa ga ɓawon kwakwa da aka tanada don haka, amma a guji garin katakon itatuwan sida (cedar) da fain (pine), saboda mansu yana cutar da numfashinsa.

Ka bar shi mako guda ba ɗauka, ba abinci, sai sauya ruwa. Bayan haka ka narkar da ɓera a ruwa mai ɗumi har cikinsa ya saki, ka miƙa da hantsaki, ba da hannu ba. Idan ya ƙi, ka jira mako guda ka sake gwadawa da daddare. Idan ya yi amai, ka duba zafin akwatin, ka dakata mako biyu, sannan ka ba shi wanda ya fi ƙanƙanta. Kada a ɗauke shi sai bayan awa 48 da cin abinci, kuma kada a ɗauke shi lokacin da idanunsa suka yi shuɗi. Idan ya ci sau biyu ko uku lafiya, ka fara ɗaukarsa na minti biyar zuwa goma, kuma duk lokacin da ka buɗe ƙofa ba don abinci ba, ka fara shafa jikinsa da ƙugiya a hankali har ya janye kai, domin da haka yake koyon bambanta lokacin ci da lokacin ɗauka. Wannan horo ya fi zama dole ga babba, amma jariri ma da shi ya kamata ya tashi.

Idan kana da wasu macizai, sabon ya zauna a ɗaki dabam da kayan aikinsa dabam aƙalla kwana 90, da yawa kuma sukan kai wata shida ga boa saboda IBD, kuma shi za ka riƙa yi wa hidima a ƙarshe. Ka wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa, saboda dabbobi masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar salmonela, wadda ta fi haɗari ga ƙananan yara da masu ciki da masu raunin garkuwar jiki. A cikin wannan lokaci ka kai kashinsa wurin likita a duba tsutsa, ga babba kuma ka nemi gwajin jini na IBD. Ka riƙa auna nauyinsa sau ɗaya a wata kana rubutawa tare da ranakun ci da saɓa. Jariri ya kamata nauyinsa ya riƙa ƙaruwa a hankali, na babba kuma ya tsaya kusan wuri ɗaya, idan kuwa ka ga yana raguwa wata biyu a jere alhali yana ci, ka kai shi wurin likita tare da littafin.